Daga Bakin Teku zuwa Tsaunin Shere: Ina Aka Baro Kwanon Sarki?

Duk wanda ya tsufa a sana'ar horar da matasa a kan dutse ya san takaicin da ke kama shi idan ya ga abin da ake kira Man O' War a yau. Yaro ne cikin kaki mai karin guga, hula a karkace, kulki a hamata, yana tsaye a ƙofar ɗakin biki yana duba katin gayyata, ko yana gudu a gefen motar ɗan takara yana ture jama'a. In ka ce ya nuna maka ƙullin da ake yi wa mutum a ƙugu kafin a zura shi daga kan dutse, sai ya yi tsuru yana kallonka. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, abin da ya tarar ke nan. To amma yanzu maganar ta tsallaka iyaka. Samarin ƙasar Mayahi da Tasawa a Nijar, irin su 'yan Issawan da ke zuwa ci-rani Kano da Jos, suna ganin wannan kaki yana burge su, har sun fara tambaya ko su ma za a iya kafa musu irin wannan makaranta, alhali ƙasarsu rairayi ce shimfiɗe babu tudun kirki. Saboda haka ya zama dole mu da muka san asalin abin mu faɗe shi yadda yake, kafin a kwafi ɓawon a bar ƙwayar. Magana ɗaya nake son tabbatarwa: an kafa wannan makaranta ne don a sauko da ɗan boko daga kan kujera a ɗora masa kwanon sarki tare da mutanen ƙauye. Hawan dutse shiri ne na wannan aiki, fareti kuwa baƙo ne da ya shigo daga baya ya kore mai gida.

A shekarar 1951 Alec Dickson, Bature ɗan Birtaniya, ya buɗe sansanin farko a wani lungun teku kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe, lokacin Kudancin Kamaru na ƙarƙashin riƙon Ingila ana gudanar da shi tare da Najeriya. Sunan lungun ke nan Man O' War Bay, saboda jiragen yaƙin Ingila da suka riƙa ya da zango a wurin a ƙarni na 19 suna farautar jiragen masu fataucin bayi, kuma daga sunan wurin ƙungiyar ta gaji suna. Abu na farko da sababbin shiga ba su sani ba shi ne Dickson ba mahayin dutse ba ne. Ɗan jarida ne tun asali. Ya yi aikin agajin 'yan gudun hijira a Turai gab da Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin yaƙin ya jagoranci wata tawagar sojojin Afirka da ke zagaya ƙauyukan Gabashin Afirka tana wayar da kan jama'a, bayan yaƙi kuma ya yi aikin yaƙi da jahilci a ƙasar da ta zama Gana. Tambaya ɗaya ya yi ta bi duk rayuwarsa: ta yaya wanda ya samu ilimi zai amfani wanda bai samu ba? Da ya bar sansanin a 1954 ma bai tafi neman tsauni mafi tsawo ba. A 1958 ya kafa ƙungiyar VSO, wadda ta riƙa turo matasan Ingila koyarwa a makarantunmu, a 1962 kuma ya kafa wata ta masu aikin sa-kai a cikin Birtaniya kanta. Matarsa Mora ta rubuta littafi a kan sansanin mai suna New Nigerians, ya fito a 1960. Mai son sanin nufin makaranta sai ya dubi abin da wanda ya kafa ta ya yi kafinta da bayanta.

Ba sai na tsaya ba da labarin Kurt Hahn da makarantar Outward Bound da aka buɗe a Aberdovey ta ƙasar Wales a 1941 ba, kowane malami a cikinmu ya haddace shi tun makon farko. Daga can Dickson ya ɗauko tsarin, amma abin da ba a cika faɗi ba shi ne inda ya raba hanya da su. Damuwar waɗanda suka kafa ta, Hahn da Lawrence Holt mai kamfanin jiragen ruwa, ita ce matasan ma'aikatan jirgi da ke saurin karaya idan an nutsar da jirginsu, alhali tsofaffin hannu suna jurewa. Taurin zuciya suke nema. Ciwon da Dickson ya tarar a nan daban ne, domin ɗan ƙauyenmu na wancan zamani ba ya bukatar a koya masa wuya, a cikinta aka haife shi. Mai bukatar magani shi ne ɗan da aka kai makaranta ya fito da takarda, ya zama akawu ko malamin makaranta ko duba-gari ko malamin haraji a En'e, ya sa wando da takalmi sau-ciki, daga ranar kuma hannunsa ya haramta ga hauya. Ƙasa tana shirin karɓar mulkin kai, waɗannan 'yan tsiraru su ne za su gaji kujerun Turawa, ga shi kuwa sun fara kallon iyayensu da idon da Di'o ke kallonsu a Najeriya, ko kumandan a Nijar. Shi ya sa ba 'yan wasan motsa jiki aka riƙa turowa sansanin ba. Ma'aikata aka riƙa zaɓowa daga Arewa da Gabas da Yamma da Kamaru, a haɗa Bahaushe da Ibo da Bayarabe a ɗaki ɗaya, su ci a akushi ɗaya, su kwana kusan wata guda ba wanda ke kiran wani ranka ya daɗe.

Rabin farko na horon aikinsa karya girman kai ne, kuma wurin ya dace da haka. Ɗan Katsina ko Sakkwato da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbi da damina ba, shi za a ce ya faɗa teku ya koyi iyo. Ruwan sama a wannan gaɓa ba ya wasa: Debundscha da ke kusa tana samun kimanin milimita 10,000 a shekara, abin da ƙasar Mayahi ba ta samu ko an haɗa mata damina 20. Sannan ga Dutsen Kamaru, mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000. Ana tashi daga Buea cikin kurmi mai danshi, a fita zuwa gangaren ciyawa da ba inuwa, a ƙare a kan baƙin tsakuwa inda sanyi ke shiga ƙashi, numfashi ya yi guntu, kai ya riƙa sara. A nan takardar shaida ba ta ɗaukar wa kowa kaya. Ƙa'idar da muka gada daga wancan zamani, wadda har gobe ita ce ma'aunin malamin kirki, ita ce ayari bai iso ba sai na ƙarshensa ya iso. Haka nan katangar nan ta katako da kowa ya sani, mai tsayin ƙafa 12, wadda ba ta da wurin kamawa. Tura na farko sama abu ne mai sauƙi, kafaɗu sun yi yawa a ƙasa. Darasin yana wurin na ƙarshe, wanda ba shi da kafaɗar da zai taka. Ayarin da bai yi tunaninsa tun farko ba zai tura ƙarfafansa sama da wuri cikin ihu da tafi, ya waiwayo ya ga ya bar mafi ƙiba ko mafi gajarta shi kaɗai yana kallon sama. Malamin da ya san aikinsa ba ya cewa uffan, sai ya bar su su sauko su sake shawara.

Amma duk wannan share fage ne. Rabi na biyu, wanda shi ne abin da Dickson ya ƙara a kan tsarin Turai, shi ne aikin ƙauye. Bayan an sauko daga dutse sai ɗalibai su ɗauki diga da shebur da kwanon sarki su nufi wani ƙauye, su yi aikin da mutanen wurin ke bukata: gada a kan rafin da ke yanke su daga kasuwa, rumfunan kasuwa, gyaran hanya, gyaran wurin ɗiban ruwa. Mu da muka tarar da ragowar wannan al'ada mun san sharuɗɗanta. Ba a zuwa da aiki a aljihu, sai an zauna da mai gari da dattawa sun faɗi abin da ya dame su. Ba a yi wa mutane aiki suna zaune suna kallo, tare ake yi, kuma sau da yawa magini na ƙauyen ne ke ba da umarni, malamin makaranta yana miƙa masa kwaɓi. A nan ake ganin akawun da tafin hannunsa ya yi kanta ta fashe, yana koyon naɗa gammo wurin tsohuwar da da can ko gaisuwarta ba zai amsa da kyau ba a bakin ofis. Jerin ba haɗari ba ne. Da an kai shi ƙauye tun ranar farko, da tsayawa zai yi da biro a aljihu yana nuna wa mutane da yatsa. Sai da dutse ya nuna masa shi ma ana jan sa, ana jiran sa, ana ɗaukar masa jaka, sannan wuyansa ya yi laushin da zai ɗauki kwano. Saboda haka horon da ya tsaya a kan dutse kamar a jiƙa ƙasa ne a kwaɓa ta har ta yi kyau, sannan a watse ba a buga tubali ko ɗaya ba.

Siyasa ce ta tashi sansanin daga bakin teku. A 1960 majalisar Najeriya ta yi wa sansanin doka ya zama cibiyar horo, amma a ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairun 1961 Kudancin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, yayin da Arewacin ya zaɓi Najeriya ya zama Lardin Sardauna. Dole aka kwashe kaya zuwa Kurra da ke ƙasar Filato, inda a lokacin kamfanin NESCO ke samar da lantarki daga ruwa don ma'adinan kuza. Daga baya aka raba aikin: makarantar teku ta zauna a Apapa ta Legas, ta dutse kuma ta samu mazauni a tsaunin Shere, gabas da Jos, a ƙasar Afizere da Hausawa ke kira Jarawa, inda ƙololuwa ta kai kimanin mita 1,829. Wani abin takaici, tsohon lungun da aka faro abin yanzu sansani ne na rundunar BIR ta sojojin Kamaru, wato can ma kaki ne ya ci gado. A 1989 gwamnatin soja ta sabunta dokar cibiyar, rassa kuma suka yi ta ƙaruwa a tsawon shekaru: Aluu kusa da Fatakwal, Awgu a jihar Inugu, Fika a Yobe, Kwatarkwashi a Zamfara. Wannan jerin kansa hujja ce. Da dutse ne ginshiƙin abin, da ba a buɗe reshe a teku da kurmi da bakin hamada ba. Waɗanda suka shimfiɗa tsarin sun fahimci cewa kowace ƙasa tana da wuyar da za a horar da mutum da ita.

Akwai masu cewa, in haka ne ai Shere ba makarantar hawan dutse ba ce ta gaskiya, sai a daina yi mata kirari. Su kan kawo misalin Darjeeling a Indiya, inda aka kafa cibiyar hawan Himalaya ranar 4 ga Nuwamban 1954 da goyon bayan Nehru, bayan Tenzing Norgay da Edmund Hillary sun taka ƙololuwar Everest ranar 29 ga Mayun 1953. Tenzing ne ya shugabanci horon fili a can fiye da shekara 20, kuma a 1965 Indiya ta kai mutum 9 kan Everest, cikinsu har da Nawang Gombu, malami a cibiyar, wanda ya zama mutum na farko da ya hau sau biyu. Wannan duka gaskiya ne, kuma Shere ba ta fitar da irin waɗannan ba. Sai dai kowa da inda ya sa gaba. Indiya na da ƙanƙara a iyakarta da jama'ar Sherpa da hawan dutse ne abincinsu. Mu kuwa tsauni mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi, mita 2,419 ne, na Nijar a Bagzan mita 2,022. Kuma in ana maganar iya hawa zalla, ba Bature ya kawo mana shi ba. Mutanen Kwatarkwashi sun daɗe suna hawan dutsensu a tsohon bikinsu na kamun maiki, ba igiyar kanti ba hular kwano, kakanninmu kuma a gindin Dala da Kufena da Turunku suka kafa garuruwa don sun san dutse mafaka ne. Abin da Shere ta kawo sabo shi ne mai da dutse aji. Awon nasararta ba yawan ƙololuwa ba ne, sai dai a tambaya: hakimi ko ɗan sanda ko shugaban makarantar da ya ratsa ta, yaya yake yi da na ƙasa da shi?

To yaya aka yi kwanon sarki ya ɓace? Ba rana ɗaya aka yanke shawarar jefar da shi ba, zaizayewa ya yi. Dogon zamanin mulkin soja ya sa kowace ƙungiyar matasa ta ga ba ta cika ba sai da kaki da muƙamai da sara wa na gaba. Da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, 'yan Man O' War suka zama masu kula da igiya da katanga a sansanonin horarwa na mako uku, inda dubban matasa ke bi ta kan kayan a layi cikin yini ɗaya ko biyu. Wannan ya yaɗa sunanmu ko'ina, amma ya yaɗa shi da fuskar da ba tamu ba. Yau abin da yawancin masu digiri suka sani shi ne hoton da aka ɗauke su suna lilo a kan igiya, wanda za su sa a Facebook kafin gumi ya bushe. Gaskiya ne shirin na da ranar aikin raya al'umma a kowane mako, amma an raba ta da igiyar, wasu mutane daban ke kula da ita, ɗalibi kuma ba ya ganin abin da ya haɗa su. Sannan hukumomi da kamfanonin da ke turo ma'aikata suka fara neman gajeren kwas, na mako biyu, na mako ɗaya, har na ƙarshen mako. Idan za a rage kwana, ba a taɓa rage abin da ke kyau a hoto. Aikin ƙauye shi ne mai cin lokaci, mai bukatar zama da dattawa, mai bukatar siminti da mota, saboda haka shi ya fara fita.

Masu kare fareti suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa yana koyar da ladabi da kiyaye lokaci, yana ɗauke yaro daga majalisar 'yan shaye-shaye, kuma waɗannan masu kaki su ne ke tsayawa cikin rana suna ba da hannu a mahaɗar titi ranar Sallah ba tare da an biya su ko sisi ba. Na yarda da wannan, kuma duk yaron da ya yi haka ya cancanci a sa masa albarka. Amma a lura da irin ladabin da kowanne ke koyarwa. Fareti yana koya wa mutum bin umarnin wanda ya fi shi igiya a kafaɗa, ya kuma koya masa ɗokin ranar da shi ma zai daka wa wani tsawa. Igiyar dutse tana koya masa riƙe ran wanda ba ya iya ba shi umarni. Mai riƙe igiya yana zaune a sama, ƙafafunsa a tokare da dutse, igiyar ta zagaya bayansa tana zamewa a hankali ta cikin tafin hannunsa, ba ya ko ganin wanda ke sauka, nauyinsa kawai yake ji. Ba mai tafa masa, ba ya fitowa a hoto, amma in ya yi sakaci na ƙiftawar ido an yi gawa. Ƙasashenmu ba su taɓa ƙarancin masu daka tsawa ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ma'aikacin da zai riƙe amanar mutumin da ba ya gani kuma ba zai taɓa gode masa ba.

Wata suka ta fi wannan nauyi: cewa duk abin dabarar 'yan mulkin mallaka ce ta lanƙwasa 'yan bokon da suka fara ɗaga murya suna neman 'yanci, a gajiyar da su a kan dutse su manta da siyasa. Ba za a wanke gwamnatin da ta biya kuɗin sansanin daga irin wannan lissafi ba. Sai dai abin da Dickson ya sa a tsakiyar horon namu ne tun fil azal, sunansa gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kowane ƙauyen Hausa ya san sarkin samari da makaɗin da ke zuga manoma. Boko ne ya cire ɗansa daga gayya, sansanin ya nemi ya mai da shi. Mutanen Nijar ma sun ga irin wannan yunƙuri da idonsu. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974, Seyni Kunce ya farfaɗo da ƙungiyar Samariya, samari suka gina azuzuwa, suka dasa itatuwa, suka gyara hanyoyi. Dattawan Maraɗi har yau suna nuna ajin da Samariya ta gina. Amma tarihinta gargaɗi ne gare mu: da ta zama hannun gwamnati, ta koma taron tarbar manya da raye-rayen biki, sai ta bi gwamnatin da ta riƙe ta, ta dushe a zamanin Babban Taron Ƙasa na 1991. Cuta ɗaya ce ta kama ƙungiyoyin biyu a ɓangarori biyu na iyaka, wato barin aiki a koma nuna kai a gaban masu mulki.

Saura hujjar tsaro da kuɗi, wadda ita ce masu ofis suka fi kawowa. Suna cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya: tun rikicin Jos na Satumban 2001 ƙauyukan Filato ba kamar da ba ne, dajin Zamfara kuwa kowa ya san halin da yake ciki, wa zai ɗauki 'ya'yan mutane ya kai su kwana a ƙauye? Ba mai hankalin da zai ce a yi kasada da rai, mu da aka horar a kan cewa malamin da ya rasa ɗalibi ya rasa komai. Amma aikin al'umma bai taɓa zama dole sai a daji mai nisa ba. Unguwannin da ke gindin Shere suna da kwalbatin da ya toshe, da ajin da iska ta yaye wa rufi, da asibitin da ba shi da wurin zaman masu jinya. Kuma inda aka yi rikici, nan ne ya fi bukatar a ga Musulmi da Kirista suna miƙa wa juna bulo a bainar jama'a, domin haɗa waɗanda ba su san juna ba yana cikin dalilan kafa sansanin tun 1951. Batun kuɗi kuwa, a lissafa abin da ake kashewa a kan kaki da takalma da baji da bikin yaye ɗalibai, a gani ko bai sayi siminti da yashi ba.

Daga nan amsar samarin Issawan ta fito da kanta. Rashin dutse ba zai hana su komai ba, domin abin da muke hawa sama mu nema su suna da shi a ƙarƙashin ƙasa. A ƙasar Mayahi rijiyoyi da yawa sun wuce gaba 20, kuma ana ganin shaidar shekaru a jikin gungumen bakin rijiya inda igiyar guga ta ci itace ta yi kwari. Mai yasar rijiya da ake ɗaure wa igiya a zura shi cikin duhu, da waɗanda ke tsaye a baki suna sakin ta kaɗan-kaɗan suna sauraron girgizarta, sun riga sun san duk abin da muke koyarwa game da amana. Sun san a fara zura fitila a ga ko za ta mutu kafin mutum ya shiga, sun san rairayi na iya ruftawa ba sallama. Abin da makaranta za ta ƙara musu shi ne ƙulli mai inganci, igiya ta biyu don ko-ta-kwana, da agajin gaggawa. Abin da za su ba makaranta kuwa ya fi haka yawa. Tafiyar ƙafa cikin rairayin Gulbin Kaba da kaya a ka, da kwana a fili cikin hunturu, sun isa su yi wa ɗan birni abin da Dutsen Kamaru ya yi wa akawun 1951. Aikin gayya kuma ba sai an nema ba: ga kafe tudun rairayi, ga yasar tafki kafin damina, ga sassaben zamani da manoman jihar Maraɗi suka yi suna da shi tun shekarun 1980. Sharaɗi ɗaya ne kada su manta. Ɗaliban da za a fara kawowa su ne mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ma'aikacin ofishin magajin gari da ɗalibin jami'ar Maraɗi, malamansu kuma su haɗa da maginin rijiya ko da bai iya rubuta sunansa ba. In aka juya, aka tara 'ya'yan manoma ana koya musu sara wa 'yan boko, to an gina kishiyar abin da aka yi niyya.

Ga abokan aikina da ke riƙe da ragamar horo yanzu, da hukumomin da ke turo ma'aikatansu, roƙona uku ne. Kada a ba kowa takardar shaida sai ya yi aikin hannu tare da jama'ar wata unguwa ko ƙauye, aikin da su suka zaɓa, ko da kwas ɗin na mako ɗaya ne. Kada a ɗaga kowa zuwa matsayin malami sai an gan shi ya riƙe igiya, kuma an gan shi ya zauna a gaban mai gari ya saurara. Kaki kuma a bar shi sai ranar ƙarshe, ga wanda hannunsa ya nuna ya yi aiki. Taken da muka gada cewa ya yi a gina mutum, a gina al'umma. An daɗe ana cika rabin farko ana bin mu bashin na biyu, kuma lokacin biya ya yi.